Harshe Yana Ambato, Zuciya Tana Kasuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya san abin da harsuna suke furtawa da abin da ƙiraza suke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wani saurayi daga cikin masu bina salla ya yi mini a zaure, bayan Isha'i, cikin watan Rajab. Na san shi tun yana riƙe da allo. Ya yi lakwal, ya sami gurbin karatu a ƙasar Sin, ya shekara huɗu can, ya komo gida. Tun da aka buɗe matatar man fetur a arewacin Damagaram a shekara ta 2011, ganin mutanen Sin ya daina zama abin kallo a garin nan, kuma ƴaƴanmu sun fara zuwa ƙasarsu neman ilimi da fatauci. Wanda ya yi tafiya kuwa ba ya komowa da kaya kaɗai, yana komowa da tambayoyi.

Ya jira har jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya durƙusa ya ce: "Allah gafarta Malam, akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina jin nauyin faɗinsa." Na ce: "Faɗi, ɗana, babu kowa sai ni da kai da Wanda Ya halicce mu." Ya ce wata rana abokin karatunsa ya kai shi kallon wani gidan ibada na mabiya addinin Buda. Ya tarar da tsofaffi maza da mata, wasunsu riƙe da carbi, suna tafiya a jere sannu a hankali suna maimaita suna guda ɗaya, in sun gaji su zauna su ci gaba, sa'a bayan sa'a, babu mai waiwaye, babu mai duba waya. Aka ce masa kwana bakwai za su yi a haka. Sai ya ce: "Malam, ni da nake kan gaskiya ban taɓa kammala raka'a huɗu ba tare da zuciyata ta fita yawo ba. Nakan yi tasbihi bayan salla in rasa ko na kai talatin da uku ko ban kai ba. In natsuwa alamar imani ce, ina nawa imanin? In kuma ba alamarsa ba ce, to mene ne amfanin ambaton da harshe yake yi alhali zuciya ba ta nan?"

Ban amsa masa a daren ba. Na ce ya ba ni mako guda. Amsar gaggawa ga tambaya irin wannan takan rufe bakin mai tambaya ta bar ciwon yana ci a ciki, kuma abin kunya ne ga malami ya yanke hukunci kan mutanen da bai san abin da suke yi ba. Na koma ga littattafanmu, na kuma nemi abin da aka rubuta game da waɗancan mutane. Ga abin da na samu.

Addinin Buda ya fito ne daga arewacin ƙasar Indiya, wajen ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Wanda ya kafa shi ɗan sarauta ne mai suna Sidarta Gautama, haifaffen Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yau. Kalmar Buda laƙabi ce, ma'anarta wanda ya farka. Tarbiyyar da ya bar wa mabiyansa ta ginu ne kan kiyaye ɗabi'a, da tattara hankali wuri guda, abin da suke kira samadi, da kuma hikima. Da addinin ya shiga ƙasar Sin sai wani reshe nasa ya bunƙasa, wanda ake kira tafarkin Ƙasa Mai Tsarki. Mabiya wannan reshe sun yi imani da wani Buda dabam mai suna Amitaba, wanda a cewarsu ya ɗauki alkawarin karɓar duk mai kiran sunansa da gaskiyar zuciya a wata ƙasa tasa can yamma, inda babu wahala. Shi ya sa suke maimaita sunan. Mutanen Sin suna cewa Namo Amituofo, na Japan suna cewa Namu Amida Butsu, ma'anar dai ita ce neman mafaka wurin Amitaba. Carbinsu ƙwaya 108 ne. Zaman kwana bakwai da yaron nan ya gani ya samo asali ne daga wani littafinsu da ya yi zancen riƙe sunan daga kwana ɗaya zuwa bakwai da zuciya ɗaya wadda ba ta rarrabu ba.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne sunan da suka ba aikin. A harshen Sin suna ce masa niyanfo, kuma kalmar niyan tana ɗauke da ma'ana biyu, tunawa a zuci da furtawa da baki. Duk wanda ya yi karatun lugga ya san haka kalmar zikiri take a Larabci. Hausa ce ta raba su, ta ce ambato ta ce tunawa. Inda kuwa kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu, ba a rasa malamai suna jayayya kan wanne ne asali wanne ne reshe, kuma haka ta faru gare su.

A shekara ta 402 wani malaminsu mai suna Huiyuan ya tara mutum 123 a dutsen Lu suka yi alkawarin riƙe wannan aiki. Nasu ya fi karkata ga zama shiru da surantawa a zuci har hankali ya kafu. Aiki ne na waɗanda suka bar gida suka bar sana'a, manomi da mai goyo ba su da hali. Sai Daochuo, wanda ya mutu a 645, wato zamanin halifancin Sayyidina Usmanu, ya koya wa mutanen ƙauye su furta sunan da baki suna ƙirgawa da ƙwayar wake. Almajirinsa Shandao, wanda ya mutu a 681, ya tsayar da cewa furtawa da baki ita ce babban aiki. A Japan wani mai suna Honen ya kafa makarantarsa kan wannan a 1175, an kuma ruwaito yana maimaita sunan sau 60,000 a yini. Almajiransa suka rabu, wasu suka ce kira ɗaya da gaskiya ya wadatar, wasu suka ce sai an yawaita har mutuwa. Ɗaya daga cikinsu, Shinran, wanda ya mutu a 1263, ya ga cewa mai dogara da yawan adadinsa yana dogara ne da kansa, don haka ya mayar da kiran sunan godiya kawai. Malamansu na tafarkin zaman shiru kuma suka juya al'amarin ya koma tambaya, suna umartar almajiri ya binciki kansa ya gano wane ne wannan mai kiran. Can baya-bayan nan Yinguang, wanda ya mutu a 1940, ya koya wa mutane su ƙirga daga ɗaya zuwa goma a zuci ba tare da carbi ba, kunne yana sauraren kowace kalma, in an kai goma a koma ɗaya. 

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Tsakaninmu da su akwai tazarar da babu gada a kanta. Mu Allah kaɗai muke kira, babu abokin tarayya gare Shi, kuma kiran waninSa da neman tsira wurin waninSa shi ne shirkar da Annabawa duka aka aiko su su hana. Amma Allah Ya umarce mu a cikin Suratul Ma'ida da mu yi adalci ko ga waɗanda ba ma shiri da su, kuma yana cikin adalci mu faɗi abin da mutane suke yi kamar yadda suke yin sa. Abin da na ɗauka daga labarinsu shi ne cewa yawon zuciya ciwon ƴan Adam ne gaba ɗaya. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Damagaram ba sun shafe fiye da shekara dubu da ɗari biyar suna fama da shi.

Daga nan amsar rabin farko na tambayar ta fito. Natsuwa, in ana nufin tattara hankali wuri guda, ƙwarewa ce da ake samu da horo, kamar yadda ake samun ƙarfin dantse da noma. Dubi maharbi da ya laɓe tun asuba yana jiran barewa, sauro yana cizonsa bai motsa ba. Dubi ɗan kokawa a fage lokacin da ya kafa wa abokin karawarsa ido, ba ya jin kiɗa ba ya jin ihun jama'a. Dubi masu dara a gindin bedi, ana kiran salla a kansu ba su ji ba. Ɓarawon da yake haura katanga cikin dare ya fi mafi yawanmu natsuwa a lokacin aikinsa, kyanwa ma a bakin ramin ɓera haka take. Wuƙa mai kaifi tana yanka ragon layya, tana kuma yanka abin da Allah Ya hana. Saboda haka natsuwar wani ba ta zama hujja kan gaskiyar abin da ya natsu a kansa. Ana gane gaskiya da dalilinta.

Sai dai wannan magana tana da baki biyu, kuma wanda ya yarda da ita game da mutanen Sin dole ya yarda da ita game da kansa. Wanda ya zauna a halƙar zikiri ya ji daɗi ya ratsa shi har ya yi hawaye, ba shi da ikon ya ce wannan daɗi shi ne shaidar an karɓa. Wanda ya tsaya bayan mai karatu mai zaƙin murya a tahajjudi ya yi kuka, shi ma haka. Malaman tarbiyya sun daɗe suna tsoratarwa game da istidraji, wato a bar bawa yana jin daɗin halinsa alhali ana jan sa zuwa halaka. Hushu'in da Allah Ya yabi muminai da shi a farkon Suratul Muminun ya fi tattara hankali faɗi. A cikinsa akwai sanin gaban Wanda aka tsaya, da tsoronSa, da kunyarSa, da ƙanƙan da kai. Mutum zai iya samun tattara hankali babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma zai iya samun rabonsa daga cikinsu alhali hankalinsa yana kufce masa sau goma a raka'a ɗaya.

Rabi na biyu ne mai wuya, kuma a nan na fi daɗewa. Mene ne matsayin ambaton da harshe yake yi zuciya tana kasuwa?

Akwai nassoshi masu sa gaba ya faɗi. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ammaru ɗan Yasir, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ma'anarsa take cewa mutum yakan idar da salla ba a rubuta masa komai daga cikinta ba sai kashi ɗaya cikin goma, wani cikin tara, haka har zuwa rabi. A Suratun Nisa'i, lokacin da aka hana kusantar salla cikin maye, an ɗaure hanin da sanin abin da mutum yake faɗa, kuma malamai sun lura cewa akwai wanda bai taɓa shan giya ba amma mayen duniya ya hana shi sanin abin da yake faɗa. A ƙarshen Suratul A'araf an haɗa umarnin ambato safe da yamma da hanin kasancewa cikin gafalallu. Wanda ya tsaya nan kaɗai zai iya cewa, to in haka ne bari in ajiye carbi har ranar da zuciyata ta gyaru.

Amma akwai wasu nassoshin. Tirmizi ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Busru cewa wani mutum ya kai kuka wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ayyukan Musulunci sun yi masa yawa, a ba shi abin da zai riƙe. Abin da aka ba shi shi ne kada harshensa ya bushe daga ambaton Allah. Harshe aka ambata, domin shi ne gaɓar da bawa yake da iko a kanta kowane lokaci. Muslim ya ruwaito labarin Hanzala, Allah Ya yarda da shi, wanda ya fito yana tuhumar kansa da munafunci saboda halin da yake samu a majalisar Annabi yana gushewa idan ya koma cikin iyali da dukiya. Sayyidina Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Da suka je, aka kwantar musu da hankali cewa ɗan Adam ba ya dawwama kan hali ɗaya, sa'a da sa'a ne. Kuma ga babin rafkanuwa da kowane almajiri ya karanta a Ahalari da Ishmawi da Risala, ƙabli da ba'adi. Shari'ar da ta tanadi sujada biyu domin gyaran mantuwa ta san wanda take magana da shi. Manzon Allah da kansa ya taɓa sallamewa bayan raka'a biyu a salla mai raka'a huɗu har Zul Yadaini ya tunatar da shi, ya kuma taɓa mayar wa Abu Jahmi wani mayafi mai zane saboda zanen ya ɗauke masa hankali a salla.

Malamanmu sun haɗa waɗannan nassoshi ba tare da sun jefar da ko ɗaya ba. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa na Azkar cewa ana zikiri da zuciya ana yi da harshe, mafifici shi ne a haɗa su. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya kamanta zikiri da ƙwaya mai ɓawo uku: na waje shi ne na harshe kaɗai, na biye shi ne wanda ake janyo zuciya da ƙyar tana kufcewa, na uku shi ne wanda ya zauna a zuciya har fitar da shi ne yake da wuya, ƙwayar kuwa ita ce Wanda ake ambato Ya mamaye zuciyar har bawa ya manta da ambaton kansa. Ɓawo ba abinci ba ne, amma duk wanda ya taɓa shuka gyaɗa ya san ƙwaya ba ta nuna sai a cikin ɓawonta. Ibnu Aɗa'illahi na Iskandariyya, wanda ya rasu a 709, ya yi nasiha a cikin Hikam cewa kada rashin halartar zuciya ya sa a bar zikiri, domin gafalar barinsa ta fi gafalar cikinsa muni, kuma ana fatan a ɗaga bawa daga wannan mataki zuwa na samansa.

Ni abin da ya bayyana gare ni, Allah ne Mafi sani, shi ne harshe turke ne. Akuyar da aka ɗaure ba ta daina ja ba, tana zagaye, tana miƙa wuya ga ganyen maƙwabci. Amma igiya tana da iyaka, in ta kai ƙarshe sai ta ji an fizgo ta. Mai tasbihi da zuciyarsa ta tafi Kasuwar Dole tana cinikin buhun hatsi, can sai kunnensa ya ji bakinsa yana cewa Subhanallah, ya farga, ya ji kunya, ya komo. Wannan komowar ita ce aikin. Wanda ya komo sau talatin cikin tasbihi talatin da uku ya yi jihadi da ransa sau talatin. Wanda ya ce ya bar ambato har sai zuciyarsa ta gyaru ya tumɓuke turken ne, kuma ban san akuyar da aka sake a bakin gona ta komo don kanta ba. Majeman garin nan, waɗanda fatarsu ta yi suna tun zamanin ayarin raƙuma, ba su taɓa jeme fata da tsomawa ɗaya ba. Ana jiƙa ta cikin ruwan bagaruwa, a murza, a mayar, a sake murzawa, kwana da kwanaki, kuma babu tsomawar da za ka nuna ka ce ita ce ta tausasa ta.

To amma a nan ne shaiɗan yake da wata ƙofa, kuma ina ganin a zamaninmu ta fi waccan faɗi. Da zarar an ce ambaton harshe yana da daraja, sai rai ya mayar da shi lissafi. Yau ƴar na'urar ƙirga da ake maƙalawa a yatsa ta cika gari. Za ka ga mutum yana dannawa yana tuƙa babur, yana dannawa yana sauraren labarin ƙwallo, wani lokaci leɓensa ma ba ya motsi, yatsa ne kaɗai ya rage cikin ibadar. A watan Maulidi ana tara salati a zaurukan WhatsApp, wannan ya kawo dubu goma, wancan dubu hamsin, ana haɗawa har miliyoyi. Ba na hana kowa yawaita salati, Allah Ya tsare ni, umarnin yawaita ambato yana nan a Suratul Ahzab. Amma ina tunatar da kaina da ku labarin Uwar Muminai Juwairiya, Allah Ya yarda da ita, wanda Muslim ya ruwaito. Ta zauna a wurin sallarta tun asuba har hantsi tana zikiri. Manzon Allah ya fita ya komo ya same ta a nan, ya sanar da ita cewa ya faɗi kalmomi huɗu sau uku bayan rabuwarsu, waɗanda in an auna za su rinjayi duk abin da ta faɗa tun safe. Ashe a can awo ake yi. Mu kuma mun duƙufa kan ƙirga.

Kuma adadi yana da wata cuta da gafala ba ta da ita. Gafalalle ya san shi gafalalle ne, yana jin kunya. Mai dubu saba'in yana kallon mai ɗari ta gefen ido. Har malamin Japan ɗin nan da na ambata, a cikin addininsa, ya hango wannan rami. Mu da aka karantar da mu cewa babu mai shiga Aljanna da aikinsa sai da rahamar Allah mun fi cancanta mu hango shi.

A ƙasar nan an daɗe ana ambaton Allah a fili. Wanda ya ratsa Birni ko Zango ko Garin Malam bayan Magariba ya ji amon wazifa. Ɗan Tijjaniyya yana da lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, ga zikirin Juma'a bayan La'asar. Ƴan Ƙadiriyya suna da nasu wuridi. Bayan an kafa Izala a Jos a 1978, da'awarta ta iso mu, musamman bayan 1991 lokacin da aka buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi a Nijar. Tun daga nan mun shafe shekaru muna muhawara: a yi a tare ko kowa shi kaɗai, a ɗaga murya ko a sassauta, da carbi ko da gaɓoɓin yatsu, wane lafazi ya tabbata wanne bai tabbata ba. Mas'aloli ne na ilimi, suna da muhimmanci, kuma ba wannan takarda ce za ta warware su ba. An raba masallatai a kansu, an ɓata zumunta. Sai dai ni na yi salla a masallatan ɓangarorin biyu, ban ga wanda aka yi wa ƙofar da take hana zuciya fita ba. Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, har yau ragowarta tana nan, amma babu mahalukin da ya taɓa gina wa zuciya irinta. Mai carbi da mai yatsu, bayan sallama, su duka biyun suna iya kasancewa a kasuwa ɗaya suna ciniki. Wa'azi nawa muka ji kan siffar zikiri, nawa muka ji kan wannan?

Kada ku zaci mai rubutun ya tsira. Na taɓa jan Magariba, ina cikin sura, sai na sami kaina ina lissafin kuɗin ruwan da mai kura yake bina, a shekarar da famfo ya yi makonni bai kawo ba. Harshe bai yi tuntuɓe ba, babu wanda ya gane a sahu. Da na sallame na juyo, wani dattijo ya kama hannuna ya ce karatun yau ya ratsa shi.

Wannan daren ya koya mini wani abu da ban karanta a littafi ba kafin nan, ko da yake daga baya na same shi a wurin malamai. Zuciya ba ta yawo barkatai. Tana da wuraren zuwa, kuma in ka bi sawunta za ka tarar kullum gida biyu ko uku take zagayawa: abin da take so, abin da take tsoro, da haƙƙin da yake kanta. Saboda haka ko ambaton gafala yana da wata fa'ida ga mai lura, yana nuna masa inda aka ɗaure shi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin Abu Ɗalha mutumin Madina, wanda wani tsuntsu ya ɗauke masa hankali yana salla a gonarsa har ya rasa raka'a nawa ya yi, sai ya ba da gonar sadaka. Bai tsaya yin faɗa da tunanin ba, ya tafi ga tushensa. Ba a ce kowa ya ba da gonarsa ba. Amma wanda zuciyarsa take gudu zuwa wani bashi duk lokacin da ya ɗaga hannu, maganinsa yana wurin mai bashin. Wanda take gudu zuwa mudun da ya tauye, ƙarin dubu a kan wuridinsa ba zai rufe ramin ba. Allah Ya sanar da mu a Suratul Ankabut cewa salla tana hana alfasha da abin ƙi, kuma wannan ma'auni ne da kowa zai iya ɗorawa a kan zikirinsa ba tare da ya tambayi malami ba: harshen da ya yi hailala ɗari da safe, me ya faɗa game da maƙwabci da hantsi?

Sauran magunguna sanannu ne, ba sa bukatar dogon bayani. Mutum ya san ma'anar abin da yake faɗa, domin da yawa cikinmu mun shekara arba'in muna cewa Subhanallah ba mu taɓa tsayawa mun ji cewa muna tsarkake Allah ne daga dukkan tawaya ba. Ya sassauta gudu, ya jiyar da kunnensa. Ya kawar da abin da zai iya kawarwa, kamar yadda aka mayar da mayafin Abu Jahmi, kuma mayafin zamaninmu yana cikin aljihu yana ƙara. Shari'a ma ta ce in an ajiye abincin dare aka ta da salla a fara da abincin, don kada ciki ya tsaya a sahu zuciya tana kan akushi.

Da mako ya cika yaron ya komo, na faɗa masa abin da na faɗa muku, a taƙaice. Sa'an nan na ce: "Ɗana, bayan Asuba, in ka gama abin da ka saba, ka zauna ka yi istigfari goma kacal, a hankali, kana jin kowane ɗaya. In zuciyarka ta fita, kada ka tsawata mata, ka duba inda ta je, ka komo da ita, ka ci gaba." Ya yi murmushi, ina jin ya raina goman.

Bayan kwana tara ya same ni a ƙofar masallaci. Ya ce: "Allah gafarta Malam, ban taɓa wuce shida ba tare da ta fita ba." Na ce: "Ina take zuwa?" Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Ya ce akwai kawunsa a Mirya, wanda ya sayar da shanu biyu ya cika masa kuɗin jirgi lokacin tafiyarsa, kuma tun da ya komo, wata bakwai ke nan, bai je ya gaishe shi ba, don yana jin kunyar zuwa hannu sake bai sami aiki ba tukuna. Na tambaye shi nawa ne kuɗin mota zuwa Mirya. Ya faɗa. Na ce in ba shi da su in ba shi. Ya ce yana da su. Ranar Juma'ar da ta biyo ban gan shi a sahu ba, ƙanensa ya ce mini can ya yi salla.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.